Daga Ostareliya: Maganar Jif ɗin da Ka Ce In Nemo Maka

Yaya, assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kai da iyali baki ɗaya. Saƙonka ya iso, kuma na gane abin da kake nema: tsohuwar jif mai ƙwari, wadda za ta jure gargada da taɓo da rairayi damina da rani, ba wadda za ta mai da kai ɗan gidan bakanike ba. Ka ce tunda ina waje in saya in ɗoro maka a jirgin ruwa.

Daga nan dai ba zai yiwu ba. Motocin Ostareliya sitiyarinsu a dama yake, irin na Ingila da Japan. Akwai masu juya sitiyari, amma aiki ne da ake yanka dashbod, a sauya mazaunin birki da kulochi, a ja wayoyi, wani lokaci har a yi walda a jikin shasi. Motar da za ta yini tana girgiza a kan burji ba ta son a taɓa mata waɗannan wurare. Sai dai zaman nan ya nuna mini abin da ya fi aiko maka da mota amfani, domin da wuya a sami ƙasar da ta gwada waɗannan motoci kamar wannan.

Da ka bar biranen bakin teku, sai jar ƙasa da hanyoyin burji da ba su da iyaka. Hanyar Gibb River da ke yankin Kimberley ta kai kilomita 660, ga rafuka da ake ƙetarewa ba gada. Ta Canning kuwa, tsohuwar burtalin shanu ce mai wajen kilomita 1,850 a cikin hamada. Mutumin da motarsa ta mutu a can, ba maganar jinkiri ake yi ba, maganar rai ake yi. Shi ya sa manoma da masu haƙar ma'adinai a nan ba sa saye don ado. Tun ƙarshen shekarun 1950 da aka shigo da Land Cruiser don aikin madatsun ruwa na tsaunukan Snowy suka riƙe ta, har yau ita da Nissan Patrol ne ke mulkin daji.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, wadda suke rububi ba ita ce mai kujerun fata da allo a gaba ba. Mafi ƙarancin ƙyale-ƙyale ita ce mai daraja. Dubi Land Cruiser samfurin 80, wadda aka ƙera daga 1990 zuwa 1997. Aksul ɗinta na gaba da na baya duk sanda ɗaya ne miƙaƙƙe, a kan sifirin mai murɗe. Idan taya ɗaya ta faɗa rami, ɗayar na nan manne da ƙasa, kuma babu tarin boljoyin da bushin da za su riƙa saki ɗaya bayan ɗaya. Da aka fito da samfurin 100 a 1998, sai aka raba ƙafafun gaba kowace da nata motsi, don ta yi laushi a kan kwalta. Ta yi laushin kuwa, amma a nan an san hannun ƙasa na ƙafar gaba yana tsagewa idan aka yi mata lodi aka daɗe ana dukan gargada da ita, har ana sayar da wani ƙarfe na musamman da ake ɗaurawa don ƙarfafa wurin. Toyota da kanta ta san haka, shi ya sa ta yi samfurin 105: jikin 100 ne, amma ƙafafun 80. An kai ta Ostareliya da Afirka da ƙasashen Larabawa, ba a kai ta Amurka ba. In da ni ne kai, ita zan fara nema.

Sai inji. Akwai wani na dizal a Land Cruiser da ake kira 1HZ, lita 4.2, silinda shida a jere, ba turbo, ba kwamfutar da ke sarrafa mai. Ƙarfinsa bai wuce doki 130 ba, a hawa kuwa har babbar mota takan matsa maka lamba daga baya. Amma injektansa na ƙarfe ne zalla, yana haƙuri da man da ba shi da tsabta sosai, kuma duk bakaniken da ya iya gyaran babbar mota zai kwance shi ya mayar. Abin kiyayewa a jikinsa taimin bel ne. Idan ya tsinke inji na aiki, fistin da bawul za su gwabza. Ranar da ka sayi motar, ka canja shi, ko da mai ita ya rantse maka jiya aka sa. Takwaransa a Patrol shi ne TD42, shi ma lita 4.2, wanda ma ba bel gare shi ba, haƙoran ƙarfe ke juya shi. Amma ka yi hattara da Patrol ta farkon shekarun 2000 mai ƙaramin inji lita 3, ZD30. Mutanen nan gurneti suke ce masa saboda yadda fistin ɗinsa ke narkewa ba sallama. Haka Prado mai 1KZ-TE: inji ne mai kyau, amma zafi ɗaya in ya yi da gaske, tof silinda ya tsage.

Kada ka raina na fetur. 1FZ-FE mai lita 4.5 da ke cikin 80 da 105, da TB48 na Patrol, da V6 mai lita 4 na Prado 120, duk sarƙa ce ke juya su ba bel ba, kuma ba su da nozul masu tsada da ɗigon ruwa a mai zai lalata. Aibinsu ɗaya, shan mai ba ƙaƙƙautawa. Sai ka auna da kanka, kuɗin mai na kullum ko kuɗin gyara na rana ɗaya.

Wanda zan hana ka shi ne sabon dizal na ƙasashen masu kuɗi. Dokokin hayaƙi sun sa an cusa wa salansa wata matata mai tare baƙin hayaƙi, wadda sai an yi doguwar tafiya da gudu take ƙone abin da ta tara, kuma sai da dizal mai ƙarancin sulfa. Ko a nan da man ke da tsabta ta ba mutane ciwon kai, har masu Hilux da Prado da Fortuner na 2015 zuwa 2020 suka haɗu suka kai Toyota kotun tarayya, a 2022 kotu ta ba su gaskiya. Ina ga inda ake zuba mai daga jarka? Haka ma Lexus LX470 da GX470 da Land Rover Discovery 3, masu ƙafafun da ke ɗagawa da sauka da ruwa ko iska. Daɗin zama kam ba a magana, amma ranar da famfon ya mutu a daji, motar za ta durƙusa ne kamar raƙumin da ya ƙi tashi.

Pajero fa, na san kana sonta. Ta ci gasar Dakar sau 12, kuma takan fi Toyota sauƙin kuɗi. Ta 1991 zuwa 1999 mai shasi ce daban da bodi. Daga nan suka haɗe su wuri ɗaya. An daina ƙera ta a 2021, don haka ka fara tambayar masu kayan gyara kafin ka tambayi dillali.

Yanzu ga inda bambancin waje da gida yake, kuma ba a jikin ƙarfen yake ba. A takarda yake. A nan idan za ka sayi tsohuwar mota, lambar shasi mai harufa da lambobi 17 kawai za ka karɓa, ka shigar a wata rajistar gwamnati da ake kira PPSR. Nan take za ta gaya maka ko akwai bashi a kan motar, ko ta sata ce, ko inshora ta taɓa yanke cewa ta tashi daga aiki. A aljihun dashbod kuma akwai littafin sabis, kowane juyen baƙin mai da hatimin gareji da kilomita da kwanan wata. Ƙungiyoyin masu motoci irin su RAC, in ka biya, sai su duba maka motar ciki da bai su rubuto rahoto, kuma mai duban ba shi da ko sisi a cinikin. Wannan na ƙarshe shi na fi yi mana sha'awa. Mu wanda zai raka ka duba mota sau da yawa yana da la'adarsa a wajen mai sayarwa.

Kowace ƙasa da irin takardarta da irin cutarta. A Ingila duk motar da ta shekara 3 sai an gwada ta kowace shekara, kuma kowa na iya duba tarihin gwajin kyauta a intanet, har kilomitar da aka rubuta kowane zuwa, don haka mai mayar da mita baya ba ya da wurin ɓuya. Jamus duk shekara 2 ne, da tsanani. Japan ma shekara 2, kuma tsadar gwajin na daga cikin abin da ke sa su rabu da mota tun ba ta tsufa ba. A kasuwar gwanjonsu kowace mota da takardar da ke nuna makinta da zanen duk inda ta lotsa. Amurka da Kanada sitiyarinsu ya dace da kai, akwai 4Runner da Land Cruiser mai V8, amma cutar arewacinsu gishiri ce. Suna watsa shi a titi don narkar da ƙanƙara, shi kuma ya ci shasi ta ciki. A 2016 Toyota ta amince da sulhu na kusan dala biliyan 3.4 a kan tsatsar shasin Tacoma da Tundra da Sequoia. Ga kuma motocin ambaliya da ke cika filayen gwanjo bayan kowace guguwa, irin Harvey ta 2017, a wanke su a goge a tura ƙetare. Ƙasashen Larabawa su suka fi dacewa da buƙatarka: sitiyari a hagu, ba gishirin titi, lagireto da na'urar sanyi an yi su don zafi, kuma 105 da Patrol na fetur suna nan a kasuwannin Dubai da Sharjah. Cutarsu wasan tudun rairayi, wanda ke cinye kulochi da giyabos, da kuma motocin hatsari na Amurka da ake gyarawa a can a sayar kamar 'yan gida.

Mu ma nan da tamu. Na raka wani abokin aikina duba wata Land Cruiser fara tas, kilomita kaɗan a mita, fenti na ƙyalli. Ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashinta da tocila da sukundireba. An fesa wa shasin baƙin fenti sabo. Ya ƙwanƙwasa ta gaba, ƙarfe ya amsa da ƙara. Ya matsa kusa da tayar baya ya danna, sai sukundireban ya nutse har mariƙi, ɓawon tsatsa ya zubo masa a fuska. Ashe a ramin haƙar zinariya ta yi aiki wajen Kalgoorlie, inda ruwan ƙarƙashin ƙasa ya fi na teku gishiri. Irinsu ba sa nisa, amma injin na kunne dare da rana, abin da mita ba ta ƙirgawa.

Don haka duk wadda aka nuna maka, ka fara daga ƙasa kafin ka dubi kujera. Ka duba shasi daidai inda akwatin sitiyari ke ɗaure, nan yake tsagewa a 80 da 105. A Patrol kuma mazaunin sifirin na baya. Ka leƙa bayan tayoyin gaba, in ka ga giris da mai sun caɓe ƙwallon aksul, sil ya tafi. Ka ce kada a tayar da ita kafin ka zo, domin inji mai sanyi ba ya ƙarya: shuɗin hayaƙi baƙin mai take ci, fari mai yawa da ba ya yankewa ruwa ne ke shiga. Buɗe murfin lagireto tun da sanyi, ka tayar, in kumfa na tasowa gaskit ko tof ya sami matsala. Ka sa ozilare a kan ƙasa ba kwalta ba, ka ji ta shiga ta fita ba gardama. Ɗaga kafet ka shinshina, ka duba ƙarafan ƙarƙashin kujera. Tsatsa a nan alamar ruwa ya taɓa shanye ta. Robar feda da ta sitiyari kuma su za su gaya maka ko mita gaskiya ta faɗa.

A fannin gyara kuwa, ban ga sun fi mu ba. Bakaniken nan da awa ake biyansa, kuma tsadar aikin hannu ta sa ba ya gyara abu, cirewa yake ya sa sabo. Kik ɗin da namu zai kwance ya canja burushi ya mayar, a nan kwandon shara za shi. Shi ya sa masu tsofaffin jif da yawa suka koyi yi da kansu a ƙofar gida. Inda suka sha gabanmu shi ne kayan gyara: abin da aka rubuta a kwali shi ne a ciki, kuma akwai kamfanoni irin ARB na Melbourne da tun 1975 sana'arsu ke nan, ƙera garkuwar gaba da shokazoba da sauran kayan daji. Sun kuma san taya. Suna sa mai kauri irin ta ƙananan motocin kaya a kan rim 16, su rage iska idan sun hau gargada ko rairayi, su ƙara in sun dawo kwalta, kuma mai tafiya nesa safaya biyu yake ɗauka.

Kada ka zuba duk kuɗinka a saye. Ka ware wani kaso don bel, da robobin ruwa, da lagireto, da juye duk wani mai na inji da giya da aksul, da taya, tun kafin tafiyar farko. In ka sami wadda ta kwanta maka, ka turo mini lambar shasi, da hotunan ƙarƙashinta da rana, da bidiyon tayar da ita da safe. In ta taɓa zama a Amurka ko Kanada, zan binciko tarihinta kafin ka ba da ko kafin alƙalami. Filtoci da bel na asali kuma zan iya aiko maka daga nan, waɗannan babu ruwansu da ɓangaren da sitiyari yake.

A gaida Inna da Anti da yara. Naka, ƙaninka.