Wasiƙa daga Birmingham: abin da na gani a filayen ajiye motoci

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali baki ɗaya. A saƙonka na baya ka tambaye ni yadda nake fama da tuƙi tun da na sayi mota, kana zaton wahalar tana kan titi ne, tunda a Ingila hannun hagu ake bi. Hannun hagun bai ɗauke ni wata guda ba na saba da shi, kuma a kan titi mutanen nan suna da haƙuri daidai gwargwado. Inda na ga abin mamaki shi ne filin ajiye motoci, domin a nan ne mutumin da ya ba ka hanya da fara'a a shataletale yake rikiɗewa ya zama wani dabam.

Wani ɓangare na laifin yana ga gurbin kansa. Ma'aunin da aka saba shatawa a ƙasar nan shi ne faɗin mita 2.4 da tsawon mita 4.8, kuma tun shekarun 1970 ake amfani da shi, lokacin da motoci suke ƙanana. Motocin yau sun yi ƙiba sun yi tsawo, amma farin layin yana nan inda aka bar shi, saboda haka ko mai ladabi sai ya matse ciki kafin ya fita daga motarsa. A Amurka gurbin yakan kai ƙafa 9, wato kusan mita 2.7, kuma wannan ɗan bambancin shi ne tsakanin buɗe ƙofa a natse da fitowa a karkace.

Sai dai ƙuncin gurbi bai isa ya bayyana halin mutumin da na tarar wata Asabar a filin wani babban kanti ba. Filin ya cika maƙil, motoci suna ta kewaye, shi kuwa ya gindaya doguwar motarsa a karkace a kan gurbi biyu, yana zaune a ciki yana latsa waya. Wata dattijuwa ta ƙwanƙwasa masa gilashi ta nuna masa layin da hannu. Ya sauke gilashin kaɗan, ya gaya mata cikin natsuwa cewa motar sabuwa ce kuma ba ya son ƙofar wani ta taɓa fentinta, sannan ya mayar da gilashin. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda ya yi maganar babu tsawa babu kunya, kamar mai bayar da hujjar da kowane mai hankali zai karɓa.

A wannan filin dai, bayan wasu makonni, takardar neman kuɗi ta iske ni har gida, saboda na wuce lokacin da aka ƙayyade da kusan minti ashirin. A nan ne na fahimci yadda hidimar take aiki. Galibin filayen manyan kantuna kamfanoni masu zaman kansu ne ke kula da su, kuma abin da suka kafa a bakin ƙofa kyamara ce mai karanta lambar mota, tana rubuta lokacin shigarka da na fitarka. Kyamarar ba ta san a gurbi nawa ka tsaya ba, ba ta san ko ka toshe wani ba, minti kawai take ƙirgawa. Kuɗin da suke nema yakan kai fam 100, ana rage shi idan ka biya cikin kwana 14, kuma ba abin wasa ba ne, domin a shekarar 2015 Kotun Ƙolin Birtaniya ta tabbatar da fam 85 a kan wani ɗan kasuwa da ya wuce awa biyun da aka ba shi kyauta a wani fili a garin Chelmsford. Daga cikin abin da aka hana kamfanonin akwai ɗaure tayar mota da ƙarfe a filin da ba na hukuma ba, wanda doka ta haramta a Ingila da Wales tun watan Oktoban 2012. Ka ga ke nan ni da na makara a layin biyan kuɗi na biya, mai gurbi biyu kuwa, muddin ba a turo ma'aikaci da ƙafarsa a ranar ba, ya tafi gida lafiya.

Gurbin masu buƙata ta musamman shi ne wurin da aka fi ganin rashin ta-ido. Akwai shuɗin kati da ƙaramar hukuma take bayarwa, ana ajiye shi a gaban gilashi, kuma wanda aka kama yana amfani da na wani tararsa tana iya kaiwa fam 1,000. Duk da haka na ga wani matashi lafiyayye ya faka a irin wannan gurbin babu kati, ya bar fitilun gargaɗi suna walƙiya, kamar walƙiyar ce izininsa. Wani mutum da ke ƙoƙarin sauke keken guragu na mahaifinsa daga but ɗin mota ya yi masa magana, sai ya ce minti biyu kawai zai yi, daga nan ya hau faɗa yana tambayar wa ya naɗa shi ɗan sanda. Tabarmar kunya dai da hauka ake naɗe ta.

Akwai kuma wanda har yau na kasa fassara shi. Na je wani fili da sassafe, gurabe fiye da ɗari babu kowa, na zaɓi can ƙarshe inda babu mota ko ɗaya. Da na dawo sai na tarar wani ya bar duk faɗin filin ya zo ya manne da ni, har madubinsa yana kusan shafar nawa, dole ta ƙofar fasinja na shiga na tsallaka giya na zauna.

A watan jiya aiki ya kai ni Hamburg ta ƙasar Jamus na mako biyu, kuma a can ne na ga wani tsari da ya sa na sake duban namu na nan. Dokar hanyarsu ta shiga har cikin abin da a Ingila aka bar wa ladabin mutum. Ta faɗi ƙarara cewa wanda ya fara isa gurbi shi ke da haƙƙinsa, ko da ya ɗan wuce gaba ne domin ya shiga da ribas, saboda haka mai zuwa daga baya ya zura kan motarsa, kamar yadda aka yi mini sau biyu a Birmingham ina tsaye da sigina a kunne, a can ya karya doka ne. A wuraren da ake fakin kyauta na ɗan lokaci, wani shuɗin faifai mai kama da agogo suke ajiyewa a gaban gilashi, direba ya saita shi da hannunsa a kan rabin awar da ke biye da isowarsa. Abu ne mai araha, ba ya buƙatar waya ko intanet, kuma a ganina ya fi injinan biyan kuɗi na nan da manhajojinsu iri-iri sauƙin sha'ani. Tsayawa a gurbin masu buƙata ta musamman tarar Yuro 55 ce, kuma ana iya janye motar, kuɗin janyewar ma a kanka.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne batun gogar mota. A Jamus idan ka goge motar wani a fili ka tafi, laifi ne da ake gurfanar da mutum a kotu a kansa, hukuncinsa tara ko ɗaurin da zai iya kaiwa shekara uku, kuma saƙala takarda a jikin gilashi ba ya wanke ka. Dole ka jira mai motar na ɗan lokaci, in bai zo ba ka sanar da 'yan sanda. A Ingila ma doka ta ce ka tsaya ka ba da bayananka, ko ka kai rahoto cikin awa 24, amma a filin kanti da wuya ka ga wanda ya ɗauke ta da nauyin da Jamusawa suke ɗaukar tasu.

Na san haka ne domin ƙofar bayan motata tana ɗauke da shaida. Kwana uku kafin tafiyata na fito daga sayayya na tarar an lotsa ta, da jan fentin wata mota a jiki, ga kuma takarda a ƙarƙashin abin share gilashi, an rubuta ban haƙuri da kyakkyawan rubutu tare da lambar waya. Har na yaba wa mai ita a zuciyata. Da na zo bugawa sai na ga lambar ta gaza da ɗaya. Kamfanin da ke kula da filin ya amsa mini cewa kyamararsu tana kallon ƙofar shiga ne kawai, kamfanin inshora kuma ya tuna mini cewa kason farko na kuɗin gyara daga aljihuna zai fito, kuma kason ya fi kuɗin gyaran kansa. Saboda haka idan na turo maka hoton motar kamar yadda ka nema, kada ka yi mamakin ganin na ɗauke ta daga ɓangaren dama kawai.

Ka gaishe mini da kowa da kowa.

Ƙaninka.