Mai fentin da ya yi min jar ƙofa a Tumfure, ga abin da na gani

Duk wanda yake Gombe yana neman mai fentin ƙofar ƙarfe, akwai wani yaro da ke zama a bakin shagunan kayan gini ta wajen babbar kasuwa, shi ya yi min aikin ƙofar gidana a Tumfure, kuma ni kam zan sake kiransa, amma fa sai ka yi haƙuri da shi a maganar lokaci.

Ja na ce masa ina so, ja sosai irin na tumatir nunanne. Bai ce to kawai ya karɓi kuɗi ba, sai ya ce Alhaji ka san dai idan ba a zaɓi jan da kyau ba mutane za su ɗauka ba ka ƙarasa ƙofar ba ne ko? Gaskiya ya faɗa. Duk ƙofar da ta fito daga wajen masu walda da wannan jan fentin mai duhu na hana tsatsa take fitowa, shi ya sa idan ka zaga sabbin unguwanni kamar bayan baifas za ka ga jajayen ƙofofi birjik, ba ado ba ne, kuɗin mai gida ne ya ƙare a rufi da filasta. Don haka ya ce dole mu nemi ja mai haske mai sheƙi wanda ko daga nesa za a san da gangan aka yi.

Wajen shiri ne ya burge ni. Ya kankare tsatsar ƙasan ƙofar da buroshin waya, ya bi da samfefa, ya goge ƙurar tas, wuraren da walda ta bar ramuka ya cike su. Sannan ya sa fentin ƙasa ruwan toka, na ce me ya sa ba fari ba, ya ce ja ba ya rufe abu da wuri, idan ka ɗora shi a kan fari sai ya fito kamar ruwan hoda sai ka yi ta maimaitawa kana asarar fenti, ruwan toka kuwa yana ƙara masa zurfi. Fentin mai ya sa, ya ce fentin ruwa na bango ne ba na ƙarfe ba, kuma da tina ya sirka, bai zuba fetur ko kananzir ba kamar yadda wasu ke yi don su ci ragowar kuɗi, wanda shi ke kashe sheƙin fenti tun kafin a je ko'ina. Ya yi shafi na farko ya bar shi ya kwana, washegari ya yi na biyu. Ya kuma hana ni yin aikin ranar da ake iska da ƙura, wai duk ƙurar da ta sauka kan ɗanyen fenti ta zauna kenan.

To inda ya ɓata min rai, alkawari. Ya ce da safe, sai bayan azahar ya iso, kuma ba kira ba saƙo, wayarsa a kashe wai ba caji. Sannan bai shimfiɗa komai a ƙasa ba, ɗigon ja ya ɓata min dakalin ƙofar gida sai da yara suka yi ta gogewa. Kuɗin aikinsa dai daidai ne, rabi kafin rabi bayan an gama, fentin kuma tare muka je muka saya ina gani aka buɗe gwangwanin, wannan shawara ce ga kowa.

Surutun mutane kuwa sai da ya fi aikin yawa. 'Yata ce tun farko ta kawo maganar, ta gani a intanet wai jar ƙofa alamar maraba ce a Amurka, wai da can matafiyi idan ya ga jar ƙofa ya san zai samu masauki, kuma wai a Sikotlan ana cewa mutum yana yi wa ƙofarsa ja ne idan ya gama biyan bashin gida. Na 'yan Chaina kam sananne ne, ja a wajensu launin sa'a da farin ciki ne, lokacin sabuwar shekararsu suna manna jajayen takardu masu rubutu a gefen ƙofa, kuɗin kyauta ma a jar ambulan suke bayarwa, manyan ƙofofin tsohuwar fadar sarakunansu a Beijin ma jajaye ne. Maƙwabcina ɗan Kaltungo da ya leƙo ya ce shi abin da ya tuna masa labarin Littafin Fitowa sura ta 12 ne, inda Isra'ilawa a Masar suka shafa jinin ɗan rago a dogaran ƙofofinsu, ya ce akwai coci-coci a Amurka da har yanzu jajayen ƙofofi suke yi.

Duk wannan na can ne, mu nan ba wanda ya karanta ƙofar haka. Abokaina na majalisa cewa suka yi na koma Kwankwasiyya saura jar hula, wani ya ce fada na buɗe tunda ja da kore kayan dogarai ne in saya musu bulala kawai. Hajiyarmu kuwa ba ta yi dariya ba, ta ce ja launin jini ne da hatsari kuma yana jawo ido, gida ba a son ya zama abin nuni, sai da na ce mata Hajiya tsari na Allah ne, fenti ba ya kawo sa'a ba ya kore ta, ta ce to Allah ya tsare amma ita dai da kore aka yi. Ni ban yi don wata alama ba, layinmu duk ƙofofin baƙi ne da ruwan ƙasa, yanzu ko mai Keke Napep ka ce masa gida mai jar ƙofa ya kawo ka.

Abu ɗaya da mai fentin ya gaya min tun kafin ya fara, kuma na ji daɗi da bai ɓoye ba, ja mai haske ya fi sauran launuka saurin koɗewa a rana, ƙofata kuma yamma take kallo, ranar Maris da Afrilu ta Gombe kowa ya san ta. Ya ce in riƙa goge ta da tsumma mai laushi da ruwa zalla, kar a sa omo, kuma in ajiye ragowar fentin a rufe da kyau don ranar da za a sake shafi ɗaya. Idan ƙofarka tana da rumfa ko tana kallon arewa kai ka fi ni morewa. Idan kuma za ka kira shi, ka ce masa ƙarfe bakwai in kana son ganinsa ƙarfe goma, kuma ka tanadi tsoffin kwalaye ka shimfiɗa da kanka.