Sansanin Dutsen Shere a Jos: abin da ɗalibi zai samu da shirin da ya kamata a yi masa

Makarantun sakandare da ke neman inda za su kai ɗalibai sansani sukan ji sunan Shere da ke gefen Jos. Reshe ne na cibiyar gwamnatin tarayya mai horar da matasa shugabanci, wadda aka fi sani da Man O' War. An kafa ta a 1951 a gabar tekun Kudancin Kamaru kafin ta dawo Najeriya, yanzu kuma tana da rassa har a Apapa ta Legas da Fika ta Yobe.

Hawan dutsen ne ya yi suna, amma a ganinmu katangar da ake sa ɗalibai su haye ta fi shi gyara yaro. Ta fi ƙarfin tsallen mutum ɗaya, kuma dole rukuni ya haye gaba ɗaya. Sai yaran sun tsara da kansu: a fara ɗaga mai ƙarfi don ya riƙa jawo saura daga sama, a bar dogo marar nauyi a ƙarshe, tunda babu mai ɗaga shi. Rukunin da kowa ke rige-rigen hawa yakan bar mai jiki a ƙasa, a koma a sake. A nan ake ganin yaron da ba ya buɗe baki a aji yana ba da umarni, ana kuma bi.

Saukowa daga dutse da igiya kuwa gwajin zuciya ne. Ƙa'idar ita ce a jingina baya, a ware ƙafafu, tafin ƙafa na kan dutse. Tsoro kan sa yaro ya rungumi dutsen, ƙafa ta zame, gwiwa ta kuje. In ya yarda da igiyar sau ɗaya, shi ke nan.

Inda ake shan wuya shi ne shiri. Jos na bisa tudun kusan mita 1,200, ƙololuwar Shere ta haura 1,800, don haka sanyin hunturu da asuba ba wasa ba ne. A sa bargo, rigar sanyi, man shafawa da tocila. Kada a sayi sabon kambas ana gobe tafiya. A taka shi mako biyu tukuna, in ba haka ba bororo zai hana yaro tattaki. Safa ƙafa huɗu, gorar ruwa mai lita biyu. 'Yan mata su sa dogon wando da gajeren hijabi da za a cusa cikin riga, saboda dogo yana iya maƙalewa a ƙarfen igiya. Makaranta ta tafi da malama mace.

Mai asma ya riƙe abin shaƙarsa a aljihu, ba a jaka ba. Mai sikila kuwa sai da amincewar likita, domin sanyi da ƙishirwa da gajiya duk suna tayar da ciwon.

Horon na da ɗanɗanon soja, da sammako da gudu da tsawa. Yawancin 'yan shekara 14 zuwa sama suna jurewa, har su ji daɗi. Yaro mai tsananin tsoro kuwa, tilasta masa a gaban abokai ƙara masa fargaba yake yi, don haka malamin da ya raka su ya sanar da masu horarwa tun ranar farko. Zuwan kwana biyu yawon buɗe ido ne kawai. A nemi mako guda aƙalla, a kuma guji Yuli da Agusta, lokacin da ruwa ke sa duwatsun santsi.