Mai rewayar bayan Panteka da fulogi uku da ya gano a babur ɗina

Babur ɗina na hannu ne, Suzuki V-Strom 650 ƙirar 2009, cikin waɗanda ake shigowa da su daga ƙasashen Turawa bayan sun sha tafiya a can. Sana'ata sayar da iri da maganin feshi, don haka da zarar damina ta ƙarato ba ni da zama a Kaduna: yau Zariya, gobe Pambeguwa, jibi Saminaka. Wayar hannuna ita ce ofishina. Da ita nake duba hanya, ta nan manoma ke nemana, ta nan nake ganin alat in an biya. In na kunna taswira tun daga Kawo, kafin azahar batirinta ya yi ja. Wannan ne ya sa na sayi cajar USB irin ta babur, mai baki biyu da ɗan gilashi a tsakiya da ke nuna ƙarfin batir.

Tun ranar da na fara wanke babur ɗin na lura da wani guntun waya a ƙarƙashin kujera, tsawonsa kamar taƙi guda, da fulogin roba baƙi a ƙarshensa da ɗan murfi. Baki biyu gare shi: ɗaya ƙarfe a waje, ɗaya a ɓoye cikin roba. Ba a haɗa shi da komai ba. Na kai wa wani yaro mai gyara a bakin titi, na nuna masa, na ce ko nan za a ɗauki wuta. Ya goga wayar a jikin ƙarfe, ta yi tartsatsi, ya ce akwai wuta, Alhaji. Cikin minti goma ya fere wayoyin, ya murɗe su, ya naɗe da salatif. Caja ta kama, na biya, na tafi ina murna.

Bayan sati uku zazzaɓi ya kwantar da ni, babur ya yi kwana goma sha biyu a zaure ba wanda ya taɓa shi. Ranar da na samu sauƙi na murɗa makulli, na danna, sai ƙas-ƙas kawai. Wanda ya san irin wannan babur ya san ba shi da kik, kuma injekta ne, in batir ya kwanta fam ɗin mai ma ba zai yi motsi ba. Ga nauyi, ya haura kilo ɗari biyu da mai a tanki, ba abin da mutum ɗaya mai tashi daga ciwo zai tura ba ne. Na yi asarar ciniki ranar, wani manomi ya jira ni har la'asar. Abin ya ƙona min rai ƙwarai.

Wani abokina mai babban babur shi ya yi min kwatancen dattijon da nake son yin magana a kansa. Rumfarsa tana wani lungu ta bayan tsohuwar kasuwar Panteka, ba allo, ba suna, sai benci guda, teburin katako da ya sha baƙin mai, da tarin tsofaffin wayoyin babura rataye a ƙusa kamar saƙar gizo. Yara biyu ke koyon aiki a hannunsa. Kowa Baba yake ce masa, ni ma haka na bi.

Na yi sallama, na ba shi labari, na ce, “Baba, ina ga batirin ne ya mutu, a canza kawai.”

Ya ce, “Bari mu ga abin da ya kashe shi tukuna, Alhaji. In ba haka ba sabon ma zai bi shi.”

Abin da ya fara ɗaukowa mita ce, ba almakashi ba, ba filaya ba. Ya auna batirin da na yi wa caji a unguwa, ya nuna min: lafiyayyen batir in yana hutawa bolt 12.6 yake nunawa ko kusa da haka, in inji na aiki kuma ya hau tsakanin 13.5 da 14.5. Nawa yana hawa yadda ya kamata, wato ɓangaren caji ba shi da laifi. Sai ya kashe babur, ya zare makulli ya miƙo min, ya kwance kan batir na ƙasa, wato nagatif, ya sa mitar a tsakani. Ga makulli a hannuna, ga mita tana nuna wuta na fita, wajen miliamfiya talatin (miliamfiya dubu ne amfiya ɗaya). Ya cire cajata, adadin ya faɗi kusan babu. Ya ɗauki guntun alli ya yi lissafin a kan tebur: batirin nan amfiya-awa goma yake ɗauka, abin da ke tsotsar miliamfiya talatin dare da rana zai cinye kusan amfiya-awa tara a kwana goma sha biyu. Ɗan gilashin nan mai haske da nake sha'awa, shi ne ya yi ta lasar batirin ina kwance.

Daga nan ya bi wayar baƙin fulogin da yatsa har tushenta. Kai tsaye take zuwa kan batir, da ɗan fis a tsakiya. Ya ce wannan ba daga kamfani ya zo ba, wanda ya riƙe babur ɗin a can ne ya ƙara shi. A ƙasashen sanyi mutum kan ajiye babur wata uku ko huɗu ba ya hawa saboda ƙanƙara, sai ya jona ƙaramar caja a nan ta riƙa riƙe masa batir har yanayi ya gyaru. Shi ya sa kullum akwai wuta a cikinsa, ko da makulli ko babu. Daga baya na gane sunansa fulogin SAE. Baba ya nuna min hikimar ƙirarsa, abin da ya burge ni: a ɓangaren babur, bakin da ke ɓoye cikin roba shi ne mai wuta, wanda ke waje kuma shi ne na ƙasa, wanda masu rewaya ke kira at. An yi haka ne don ko ya taɓa jikin babur kada wuta ta haɗu. Yaron bakin titi ya fere wannan kariyar duka ya bar tagulla a ƙarƙashin salatif da ta fara saki saboda zafi, kusa da batir, ƙarƙashin inda nake zama.

Yana cikin nan sai na hango wani fulogin, fari, da hular roba a kansa, a gefen batir. Na ce, “To wannan fa, Baba? Shi ma a banza yake.”

Ya ɗaga hannu. “Wannan ba namu ba ne. Bakin kwamfutar babur ne. Ta nan ake tambayarsa abin da ke damunsa. Wanda ya ɗauki wuta a nan, in ya ƙona ƙwaƙwalwar injin, sai ya sayar da rago biyu.”

Ya mayar masa da hularsa, ya tura shi inda yake. Na daɗe ina tunanin wannan, domin da yaron farko ya fara cin karo da farin, ba abin da zai hana shi fere shi.

Na ukun shi ne ya ci mana lokaci, kuma shi ne dalilin wannan rubutu. Baba ya ce manyan babura irin wannan da wuya a rasa inda kamfani ya bar wa mai shi hanyar ƙara kaya, sai dai a nema. Ya sa yaro ya kwance murfin gefen hagu, ya haska tocila ta bayan lagireto, ya zura hannu yana lalube a jikin babbar igiyar wayoyi. Can ya ɓanɓaro tsohuwar salatif, sai ga ƙaramin fulogi mai baki biyu, tsaf da shi, ba a taɓa jona masa komai ba tun fitowarsa daga Japan. Ya sa fitilar gwaji, wato ƙwan fitila da ya ɗaura wa waya biyu. Makulli a kashe, ƙwai bai kama ba. Ya ce in murɗa. Ya kama. In kashe. Ya mutu. Sau uku muka yi haka. Sannan ya sa mita ya tantance bakin da ke da wuta da wanda yake na ƙasa, ya nuna min cewa a baburan Suzuki baƙar waya mai farin zane ita ce ta ƙasa, amma duk da haka ya ce shi ba ya yarda da launi sai ya auna, domin babur na hannu ba ka san hannu nawa ya ratsa ba.

Na tambaye shi na mene ne. Ya ce na ɗumama hannu ne. A can ana sayar da robar hannun babur mai ɗan hita a ciki, don kada yatsu su ƙage a kan birki lokacin hunturu, nan ake jona ta. Abin da aka tanada don sanyin Turai, ga shi zai yi min cajin waya a ranar Kaduna. Kuma lissafin ya zauna: hitar hannu takan ja amfiya uku zuwa huɗu, cajata kuwa bolt 5 take bayarwa, amfiya 2.4 a baki ɗaya, wat 12 ke nan, abin da bai fi amfiya ɗaya da ɗoriya ba daga ɓangaren babur. Ko na jona waya biyu, wayar fulogin ba za ta ji nauyi ba.

Bai tsaya nan ba. Ya buɗe akwatin fis, ya riƙa zare su ɗaya bayan ɗaya har ƙwan gwajin ya mutu, don ya san layin da fulogin yake. Ya ce ba shi kaɗai ke kan fis ɗin ba, yana tarayya da wasu kayan babur ɗin, saboda haka dole caja ta samu nata ƙaramin fis, na amfiya uku, in ta lalace ta mutu ita kaɗai ba ta ja wani abu ba ina tsakiyar hanya da dare.

A nan ne haƙurina ya kusa ƙarewa. Na ce ya yanke fulogin ya haɗa wayoyin mu wuce wurin. Ya ƙi. Ya aiki yaro cikin Panteka ya nemo mijin fulogin a cikin tsofaffin wayoyin babura, yaro ya tafi ya fi awa guda, ya dawo da guda uku, ɗaya ya shiga daram har da ɗan ƙara. Baba ya haɗa shi da wayar cajar da dalma, ya zura robar nan mai tsukewa in ta ji wuta, ya bi da wayar nesa da lagireto da kan inji, ya ɗaure ta wuri huɗu. Sai ya juya kan babur ƙarshen dama, ya juya ƙarshen hagu, yana kallon ko wayar za ta ja ko ta matse. Ta ɗan ja a hagu, ya kwance ya ƙara mata sarari. Baƙin fulogin kuma ya gyara masa bakinsa da sabon kai, ya rufe, ya ce in bar shi a aikinsa na asali: in zan yi doguwar tafiya in bar babur, nan zan jona cajar batir, nan kuma zan riƙa sa mita ba sai na kwance komai ba.

Akwai abin da ban ji daɗinsa ba, kuma ya kamata mai zuwa ya sani. Na isa ƙarfe goma, ban bar wurin ba sai bayan la'asar, domin Baba ba ya barin aikin da ke hannunsa don wani ya zo, kuma ba ya gaggawa ko kaɗan. Rumfar ba ta da inuwar kirki, bencin na cikin rana daga sha biyu. Ba ya ajiye kaya, fis ma sai da aka aika aka sayo. Ba ya faɗin kuɗin aiki tun farko, sai ya ce bari a gani, wannan kuwa yana sa mutum zaman ɗar-ɗar. Sannan yaronsa ya karya min ƙaramin maƙalin roba ɗaya wajen mayar da murfin gefe. Baba ya gani da kansa, ya faɗa min kafin in lura, ya rage a kuɗin. Abin da na biya gaba ɗaya, da kayan da aikin, bai kai rabin kuɗin cika tankina mai lita 22 ba. Batirin ma ban canza ba, ya ce a ba shi dama, kuma har yau shi ne a ciki.

Ita cajar kanta matsakaiciya ce. Tana riƙe waya in taswira na kunne, har ta ƙara mata kaɗan-kaɗan, amma ba ta saurin caji irin ta gida. Murfinta na roba ya fara sakwarkwacewa bayan wata biyu, ruwan sama ɗaya da ya kama ni wajen Pambeguwa sai da na rufe ta da leda. In rana ta take, wayar kan yi zafi a kan mariƙinta ta daina karɓar caji, sai na mayar da ita cikin jakar tanki. Wata biyar ke nan yanzu, babur ya taɓa yin sati biyu a ajiye, na danna sau ɗaya ya tashi.

Makon jiya na fita da asuba zuwa Saminaka cikin hazon hunturu, kafin in kai rabin hanya yatsuna sun daskare har ina jin zafin kama kulochi. Da na dawo na biya ta wurin Baba na tambaye shi ko za a iya sa hitar hannun ma, tunda dama wurinta ne. Ya ce za a iya, amma ba za a ɗora su biyu a kan wannan siririyar wayar ba: sai a sa rile, wato ɗan makunnin da wuta ke kunnawa, a ɗauko wuta daga batir da waya mai kauri da fis nata, fulogin ya zama shi ke ba rilen umarni in an murɗa makulli. Ya ce in samo hitar in kawo, in zo da sassafe kafin rana ta hau bencin.