Wata goma sha huɗu da iNaturalist a aljihuna

Wata tsutsa ce ta kai ni ga wannan manhaja. Na tarar da ita a bayan ganyen tumfafiya tana ci hankalinta kwance, jikinta zobe-zobe na fari da baƙi da ɗigon rawaya, ga wasu siraran ƙahoni baƙaƙe guda shida, biyu a gaba, biyu wajen tsakiya, biyu a baya. Abin ya ɗaure mini kai. Tumfafiyar da kowa ke gudun farin ruwanta ya taɓa masa ido, ita ce wannan 'yar halitta ta mayar abin kalaci. Na so in san sunanta, kuma babu wanda zan tambaya.

Kafin nan na taɓa gwada wata manhaja, ba sai na kama sunanta ba. Ko me ka nuna mata sai ta ba ka suna ɗaya tak, babu kokwanto babu inda-inda, ko da hoton ya yi dishi-dishi. Ranar da na nuna mata ganye ɗaya sau uku ta ba ni suna uku, na goge ta. Saboda haka da aka ce in gwada iNaturalist ban zo da wani dogon buri ba.

Aikinta a taƙaice shi ne: ka ɗauki hoton tsiro ko dabba, ko ka naɗi kukanta, ka ɗora tare da rana da wurin da ka gan ta. Kwamfuta za ta duba hoton ta jero maka abubuwan da take zato, ta kuma nuna waɗanda aka saba gani a yankin. Daga nan sai mutane, wasu masana ne na jami'a, wasu kuma irinmu ne da sha'awa kawai ta kawo su, su leƙo su ce e haka ne, ko a'a ba shi ba ne. Kyauta ce, babu talla. Ɗalibai uku ne suka fara ta a 2008 a matsayin aikin kammala digiri na biyu a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka. Sai a 2017 aka ƙara mata wannan ido na kwamfuta, kuma tun 2023 ƙungiya ce mai zaman kanta wadda ba ta neman riba. Wato kusan shekara tara ta yi tana aiki da idon mutane zalla, kuma da ka daɗe a ciki za ka gane har yau nan ne ƙarfinta yake.

Tsutsar dai ba ta ba kwamfutar wahala ba. Nan take ta ce Danaus chrysippus, ɗaya daga cikin malam-buɗe-littafi masu launin ruwan goro da baƙin gefe. Kafin gari ya waye mutum biyu sun tabbatar. A shafin halittar na karanta cewa gubar tumfafiyar ce take tarawa a jikinta tun tana tsutsa, har ta fito da fukafukai gubar na nan, tsuntsun da ya ɗanɗana sau ɗaya ba ya marmarin komawa. Shi ya sa take tashi a hankali, tana rangaji kamar ba ta da maƙiyi a duniya.

Daga nan kaina ya kumbura. Bayan 'yan makonni na ga wata malam-buɗe-littafi a kan fure, launi iri ɗaya, farin ɗigo a bakin fiffike iri ɗaya. Na ɗauka daga nesa, hoto ɗaya, ban ko tsaya duba jerin da kwamfuta ta kawo ba na rubuta sunan da na riga na haddace. Wani abokina da muka fara harkar tare ya gani ya danna amincewa, don ya yarda da ni. A ƙa'idar manhajar, idan abu yana da hoto da rana da wuri, ba na kiwo ko na shuka ba ne, kuma fiye da kashi biyu cikin uku na masu ba da suna sun yi ittifaƙi, sai ya hau matakin da suke kira na bincike. Mu biyu mun cika sharaɗin. Makaho ya ja makaho, mun shigar da kuskure cikin kundin masana.

Kwana huɗu aka yi sai ga wata baiwar Allah daga wata ƙasa ta zo ta sa wani suna daban: Hypolimnas misippus, mace. Ba ta tsaya a suna ba, ta rubuta mini layi uku. Ta ce in dubi fiffiken baya. Na Danaus yana da baƙaƙen ɗigo uku a tsakiya, namiji kuma huɗu. Wannan tawa ɗigo ɗaya gare ta, can sama kusa da gefe, bakin fiffiken kuma ya fi lanƙwasa. Na buɗe hoton na ja shi da yatsu biyu har ya cika fuskar waya. Ɗigo ɗaya. Na ji kunya ni kaɗai a ɗaki.

Ashe wannan ta biyun ba ta da guba ko kaɗan, rigar mai guba kawai ta ara don tsuntsaye su ƙyale ta. Namijinta ma baƙi ne da manyan fararen tabo zagaye da shuɗi, ba za ka taɓa cewa jinsinsu ɗaya ba. Wani Bature ɗan Ingila, Henry Walter Bates, wanda ya yi shekara 11 a dajin Amazon daga 1848 zuwa 1859, shi ya fara bayyana wannan dabara ta marar guba ya kwaikwayi mai guba, har yau da sunansa ake kiranta. Hausawa sun riga sun ce kama da wane ba ta wane, amma ban taɓa ganin maganar da idona kamar ranar ba. Na janye sunan da na sa, abokina ma ya janye nasa, kuma tun daga lokacin ba na danna amincewa sai zan iya faɗin alamar da na gani.

Wannan abu yana da nauyi fiye da yadda na ɗauka, domin abin da ya hau matakin bincike ba ya tsayawa a wayarka. Ana tura shi zuwa GBIF, wata ma'ajiyar bayanan halittu ta duniya da aka kafa a 2001 mai hedikwata a Denmak, inda masu bincike ke ɗiba su zana taswirar inda kowace halitta take. Bayanan halittun da aka ɗora a manhajar sun haura miliyan 200. A cikinsu har da hoton wata 'yar dabba mai kama da tunku da wani mutum a Kolombiya ya tarar ta maƙale a banɗaki a 2011. Sai da ya ɗora bayan shekaru aka gane jinsi ne da ba a taɓa samun hotonsa da rai ba. Ni dai banɗakina bai ba ni komai ba sai tsaka da gizo-gizo, amma ina dubawa.

Game da idon kwamfutar, ga abin da ya kamata mai shiga ya sani. Daga hotunan da mutane suka ɗora take koyo, kuma sai an tara wa jinsi hotuna kusan ɗari kafin a sa shi cikin abin da take ganewa. Mafi yawan masu amfani da ita kuwa a Arewacin Amurka da Turai suke. Saboda haka tsuntsu ko furen da kowa ke ɗauka za ta gane shi kafin ka ƙifta ido, amma ƙaramar ciyawa ko ƙwaro daga wurin da masu ɗorawa ba su da yawa, sai dai ta kawo maka ɗan'uwansa mafi kusa. Abin da ya burge ni shi ne ta san ta ja da baya. Idan ba ta da tabbacin jinsi sai ta ce ta fi amincewa da dangin, ta tsaya nan. Ni ma na koyi yin haka. Idan na ga abu ban san shi ba, nakan rubuta “fara” ko “gizo-gizo” ko ma “tsiro” kawai, don wannan ne ke kai shi gaban waɗanda suka ƙware a fannin. Wanda aka bari babu suna ko kaɗan shi ya fi daɗewa ba a waiwaye shi ba.

Sunayen Latin sun tsorata ni da farko. Daga baya na ga tsarin, wanda Carl Linnaeus ɗan Suwidin ya daidaita wa tsirrai a 1753, ba baƙo ba ne: kalma ta farko sunan gida, ta biyu sunan yanka. Damo da guza duk 'yan gidan Varanus ne. Tafasa da rai-ɗore duk Senna, sai dai ganyen tafasa mai zagayayyen baki ne, uku-uku a kowane gefe, na rai-ɗore kuwa mai tsini. Nakan rubuta sunan da na sani a wurin ƙarin bayani, don kada na aro ya kore mini nawa.

Inda manhajar ta fi canza ni shi ne wajen ɗaukar hoto. A da kyau nake nema. Yanzu shaida nake nema. Idan tsiro ne, sai na ɗauki fure daga sama da daga gefe, ganye gaba da baya, yadda ganyen ya jeru a kara, ɗa ko kwanso in akwai, sannan tsiron gaba ɗaya daga ɗan nesa. Ciyawa babu kanta kusan ɓata lokaci ne. Laimar kwaɗi sai ka nuna ƙarƙashinta da gindinta. Ƙwaro kuma in wayar ta ƙi kama shi, sai in sa tafin hannu a bayansa daga nesa kaɗan har kyamarar ta daidaita. Ta haka na gano rabin abin da nake kira ƙudan zuma a kan furanni ƙudaje ne kawai masu rigar rawaya: fiffike biyu maimakon huɗu, gajerun gashin kai, manyan idanu, kuma ba su da harbi. Shekara nawa ina kauce musu a banza.

Akwai abu biyu da ba na yi da ita, kuma ba na son kowa ya yi. Na farko, ba na kai abu baki don waya ta ba shi suna. Akwai laimar kwaɗin da guda ɗaya ta isa ta lalata hantar babban mutum, kuma tana kama da waɗanda ba sa cutarwa. Na biyu, maciji. Akwai wani maciji mai haɗiye ƙwan tsuntsu, Dasypeltis, wanda kusan ba shi da haƙora, amma zanensa irin na kububuwa ne, har gugar jikinsa yake yi ya fitar da ƙara kamar yadda take yi. In shi ya iya kama da ita, ita ma ta iya kama da shi. Duk macijin da na gani, daga nesa nake jawo hoton, in tafi, a yi gardamar sunan ina gida. Wanda aka sara kuwa asibiti zai nufa, ba jiran amsar intanet ba.

Wani abin lura shi ne taswira. Duk abin da ka ɗora yana fita da wurinsa, in kuma a tsakar gidanka ka ɗauka, to ka nuna wa duniya ƙofarka. Akwai maɓallin ɓoye wuri, wanda ke watsa alamar cikin wani fili mai faɗin kusan kilomita 22 ta kowane gefe. Halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa ma da kanta take ɓoye wurinsu saboda mafarauta da masu tonon tsirrai. Na kunna shi ga duk abin da na ɗauka kusa da gida.

Na gwada wasu a gefe. Seek, wadda su ɗin dai suka fitar a 2018, ba ta buƙatar buɗe asusu kuma tana aiki ko babu data, ita na fi ganin ta dace da yara. Merlin ta Jami'ar Cornell ta tsuntsaye ce zalla, tun 2021 kuma tana sauraron kuka ta faɗi mai shi a yankunan da aka horar da ita. Pl@ntNet ta Faransa tsirrai kawai ta sa gaba. Kowacce da amfaninta, amma duk inji ne ke amsa maka. A iNaturalist ne kawai wani ya ce da ni dubi fiffiken baya.

Mai gaggawa da ke son suna yanzu-yanzu ya wuce, watakila ba zai ji daɗinta ba. Masu tantancewa 'yan sa-kai ne, ba wanda ke biyan su, kuma masu sanin tsuntsaye sun ninka masu sanin ƙananan ƙwari. Tsuntsu kan samu suna cikin sa'a guda. Ina da wani ƙaramin gizo-gizo mai tsalle, mai jan kai, da na ɗauka a jikin bango wata takwas da suka wuce. An kai shi dangin Salticidae ya tsaya. Makon jiya wani ya leƙo ya rubuta cewa irin wannan sai an sa shi a ƙarƙashin madubin ƙara girma kafin a raba shi da 'yan'uwansa, hoto ba zai isa ba. Na yi masa godiya. Gizon yana nan a bangon, jiya ma na gan shi ya cafke sauro.