Hattara da mai sayar da kayan Jaguar a Facebook, ya ci min 480,000

Naira 480,000! Tun shekaranjiya nake maimaita ta, bakina ya ƙi sabawa. Kuma kada wani ya ce gaggawa na yi, wallahi sai da na yi bincike.

Motar marigayi Baba ce, Jaguar XJ6 ƙirar 1984, tana nan gidanmu a Birnin Kebbi. Birkinta na baya ba a jikin taya yake ba, can ciki yake a tsakiyar aksul. Da man aksul ya fara yoyo sai ya jiƙe faifan, birki ya ƙi kamawa, kuma galibi ba a canza faifan sai an sauke ƙasan bayan motar gaba ɗaya. Bakanikena ya ce a dawo da birkin bakin taya da kayan Jaguar XJ40, wadda ta gaji tamu ta fito a 1986. Kamfanin Jaguar ma haka ya yi wa wata motarsa, XJS, a 1993. Ina wautar a nan?

Ranar Talata kwali ya iso tasha. A'a, kafin nan ma sai da mai sayar da kayan ya ƙara karɓar 180,000, wai kaya sun maƙale a hanyar Kwatano. Dubu 300 na fara turawa. 300 da 180.

Abin da ke ci min rai muryar nan ce da ya turo. “Alhaji, kada ka manta da wayar birkin hannu, tsohuwar ba za ta yi ba, wannan takalmin birki gare shi a cikin faifai.” Ban tambaye shi ba fa, shi ya faɗa! Na kunna wa bakanike, ya gyaɗa kai ya ce wannan ya san mota. Har addu'a ya yi wa Baba, ya ce Allah ya kai haske kabarinsa. Na saurari muryar nan ya fi a ƙirga. “Alhaji, kada ka manta.” Nan ya gama da ni.

A gaban yaran gareji muka buɗe kwalin. Faifai biyu masu tsatsa na wata ƙaramar mota, da guntun bulo a buhun siminti. Ba wanda ya ce uffan, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige. Na kira, waya a kashe, ya toshe ni.

Hotunan hirarmu da rasit duka biyu suna wayata, zan ɗora su anjima. Kada ku tura ko sisi sai naku ya riƙe kayan a hannu.

Motar tana can a kan duwatsu, mun riga mun sauke aksul muna jira. Hajiya ta tambaye ni jiya yaushe za a tayar da ita, na ce mata kaya na hanya.