Jirin da ya kai ni asibiti a Jamus

Salamu alaikum mutanen gida, musamman Yaya da kake ta tambayar ya jikina, alhamdulillahi da sauƙi. Jirin nan ne ya tasa ni gaba, ɗaki ya riƙa juya min ga amai, na je wurin likita ina jiran a ɗaura min ruwa, sai ya tura ni wurin likitan kunne. Kafin layi ya zo kaina kuwa na sha jira, nan komai sai da alƙawari, ba ruwansu da ɗan wane ne kai.

Abin da ya ba ni mamaki wayoyi suka liƙa min a gefen idanu da goshi, suka kashe fitila, duk inda idona ya motsa sai layi ya hau ko ya sauka a kwamfuta. Matar da ke min gwajin ta ce ai ido kamar batirin tocila yake, gabansa da bayansa akwai bambancin lantarki, ɗan kaɗan ne, wajen kashi 1 cikin 1000 na bolt, wato ma'aunin ƙarfin lantarki, to in ido ya juya wayoyin suna ji, ko a rufe yake ko cikin duhu. Sannan ta ɗura min ruwa a kunne, mai ɗumi digiri 44 da mai sanyi digiri 30, wallahi gadon sai da na riƙe shi, idona yana ta fizga shi kaɗai ban sani ba. Kunnen dama ya amsa, na hagu ya yi rauni, can ciki inda ke riƙe daidaiton jiki. Wai wani likita Robert Barany ya ci kyautar Nobel ta 1914 a kan wannan bincike na kunne.

Ko allura ba a min ba, motsa kai da ido aka koya min.

Amma fa ko mutum ɗaya bai leƙo dubiya ba, da a Ringim ne da kunu da fura sun cika ɗaki, na yi kewar gida sosai. Sai dai mu ma muna da namu, Inna shekara nawa tana fama da jiri, kullum sai kemis, yau taifot gobe hawan jini, wasu su ce iska ce, kuɗi na tafiya ba wanda ya taɓa duba kunnenta. Don Allah Yaya a kai ta Kano, Asibitin Malam Aminu Kano, ɓangaren kunne da hanci da maƙogwaro, zan turo kuɗin mota ƙarshen wata in Allah ya yarda.